Rasuwar Bajamushe, Firjin Tela Mas'udu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai ɗaci wanda rabonsa da sukari yau kwana ashirin da uku, Malam Mas'udu Braimah, tela a unguwar Nima kusa da babbar kwata, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Nima da Maamobi da Kanda, har da na Tudu da ba a ganinsu sai ranar biki, rasuwar firjinsa kuma abokin zamansa na shekara goma sha huɗu, wanda kowa ya sani da Bajamushe. Ya cika ranar Litinin tsakanin azahar da la'asar, a tsaye a kusurwarsa, cikinsa cike taf.

Malam Mas'udu da hannunsa yake rubuta wannan sanarwa, don haka a yi haƙuri da karkacewar layi. Ya kasa zama wuri ɗaya. Ya rubuta kalma biyar ya miƙe, ya leƙa lungu, ya dawo, ya buɗe ƙofar mamacin, ya mayar da ita. Kuma an hana shi wannan zirga-zirgar. Likita ya ce ya ɗora ƙafar dama a kan kujera ya bar ta, saboda babban yatsanta, wanda yake taka keken ɗinki da shi tun yana saurayi, yana naɗe da bandeji. Ranar Alhamis za a kwance a duba, a faɗa masa ko za a bar masa yatsan ko za a cire.

Marigayin ya zo ne daga Hambog, garin Jamusawa, ta jirgin ruwa. Husseini, ƙanin Malam Mas'udu da ke zaune can, shi ya turo shi, da lotsawa a gefe da wani rubutu a goshi wanda har ya cika ba a sami mai karantawa ba. Ƙarti huɗu suka ɗauko shi a ka, don lungun ba ya ɗaukar mota. Tun ranar bai taɓa ƙorafi ba. Ya ga shekarun dumso, lokacin da ake ɗauke wuta kamar da gayya, kuma duk sa'ar da aka maido ta shi ne mai fara shela: "Tak! Gurrrr..." Sai ka ji unguwa ta ɗauka daga baya. Ya riƙe wa gida uku naman layya. Ya sanyaya ruwan buɗa-baki na rabin layin nan. Bai taɓa tambayar kabilar mai kwano ba, kuma abin da aka ajiye a cikinsa ba a jin labarinsa a waje.

Sai dai sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce. Marigayin ya sanyaya lemon kwalba, kuma ya sanyaya shi da gwaninta. Malam Mas'udu kan sha ɗaya bayan waken safe, ɗaya idan zare ya tsinke, ɗaya idan mai ɗinki ta zo da masifa, wani lokaci ɗaya don kawai ya ji "ƙiii... fab" na ƙofar. Laifin nan na mai buɗewa ne, kada kowa ya ɗora wa mamaci.

Rashin lafiyar marigayin ta faro ne daga ta maigidansa. Bayan Babbar Salla Malam Mas'udu ya fara ramewa. Ƙishirwa ba ta yankewa, zagayawa ba ƙaƙƙautawa, ga gyangyaɗi a kan keke tsakar rana. Sai Mma Damata ta Maamobi ta zo, aminiyar marigayiya mahaifiyarsa, wadda ta yi masa wankan farko a duniya. Ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba.

"Ei, Mas'udu, ka rame paa! Jini ne babu. Molt da madarar gwangwani, safe da yamma. Ka ji ni?"

"Na ji, Mma."

To wa zai ce bai ji ba? Duk Zongo an san haka: a zuba molt, baƙin lemon kwalbar nan mai zaƙi, a kofi, a huda gwangwanin madara a juye, jini ya dawo. An ba mai jego, an ba wanda ya tashi daga zazzaɓi. Kuma a nan ba a zuwa dubiya hannu sake, abin kunya ne. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa tela ba shi da jini, kwalabe suka fara shigowa a leda. Mako shida yana shan maganinsa da bismilla, yana mamakin me ya sa kullum ƙara lalacewa yake. Ran nan ya taka allura a shago bai ji ba. Matarsa Memuna ce ta ga jini a silifas ta ɗora hannu a ka. Ciwon ya ƙi rufewa, ya fara canza launi.

A asibiti suka soki yatsan hannunsa, ma'aikaciyar ta kalli ɗan injin, ta kira 'yar uwarta ita ma ta zo ta kalla. Likita ya ce, "Baba, me kake sha a gida?" Malam Mas'udu ya ce magani. Da ya bayyana irin maganin, likitan ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Ciwon sukari ne, kuma ya yi nisa.

Daga ranar Memuna ta karɓi mulkin cikinsa. Kokon safe babu sukari. Wake da shinkafa rabin abin da ya saba, ganye ya cike gurbin. Tuwo daidai dunƙulen hannunsa, kuma da hannun nasa ake aunawa, ba da na Memuna ba, duk da ya yi ƙoƙarin shigo da hannun maƙwabcinsa mai faskare. Abin sha kuwa sobolo ne, wato zoɓo, wanda aka dafa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ko ƙwayar sukari babu. Idan ya gaji da shi, ruwa da yankan kokwamba da lemon tsami. Ranar farko ya ce kamar ruwan wanke tukunya, ya ture kofin. Memuna ta turo masa baya ta ce, "Baban Hidaya, ko kofin ko yatsan." Ya shanye. Yanzu dai, a rubuce kawai, yana amincewa cewa ƙishirwar ta ragu, gyangyaɗin ya tafi, kuma mai cittar nan ba laifi idan ta ji wuta sosai. Yana roƙon kada a kai wa Memuna wannan magana, kanta zai kumbura.

Amma masu dubiya fa? Jin an je asibiti sai suka ninka. Kuma da yake Bajamushe ɗan gida ne ga kowa, ba sa ma miƙa wa mara lafiya ledar. Su gaisa, su juya, su buɗe ƙofar da kansu su cusa, "don ya yi sanyi." Mma Damata ta tako daga Maamobi da sandarta, kwalba shida a hannu, tana haki. Yaya za a dubi tsohuwar nan a ce mata maganinta ne ya kusa cin yatsa? Bakin Malam Mas'udu ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri, Mma." A fitar a ba wani kuma ba dama, don kyautar da ka juyar da safe a Nima, kafin magariba mai ita ya ji. Haka kwalabe suka hau kan kwalabe har ƙofa ta daina rufuwa. Ya ɗaure ta da ragowar atamfa, ta ci gaba da zama a hangame.

Kwana tara marigayin yana aiki ba hutu, cikin zafin nan, yana ƙoƙarin sanyaya kayan ciki da shagon gaba ɗaya. Muryarsa ta sauya daga "gurrr" zuwa "kar-kar-kar." Ran Lahadi ta koma "tik... tik." Ran Litinin shiru. Ishawu mai gyaran firji ya durƙusa a bayansa, ya kara kunne, ya shinshina, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce injin ya ƙone ƙurmus, kuma duk wanda ya yi masa wannan lodi bai ji tausayinsa ba.

Wannan magana ta tsaya wa Malam Mas'udu a rai, ita ce ma take hana shi zama. Kowace kwalba a cikin nan shi aka nufa da ita. Kunyarsa ce ta hana shi cewa a daina, firji ya ɗauki nauyin. Kuma yana shaida cewa sau biyu hannunsa ya kai ga ƙofar cikin kwanakin nan. Sau ɗaya har ya ciro kwalba mai raɓa, ya manna ta a goshi, ya kalli bandejin, ya mayar yana kusan kuka. Bai san ko zai iya daurewa a karo na uku ba. Yanzu duk sun yi ɗumi, kuma shi ko da can ba ya shan lemo mai ɗumi.

Marigayin ya bar injin daidaita wuta guda ɗaya wanda ya raka shi tun ƙuruciya, da mabuɗin kwalba da ke rataye a ƙusa ba aikin yi, da marayun molt arba'in da ɗaya, da gwangwanayen madara da ba a ƙirga ba. Wadda ta gaje shi randar mahaifiyar Memuna ce. Tana sanyaya sobolo daidai gwargwado, amma ba ta magana, shagon ya yi shiru da yawa.

Za a yi zaman ta'aziyya a shagon ranar Laraba bayan la'asar. Sobolo marar sukari za a raba, mai yatsina fuska ya fita lungu ya yi. Masu lafiya za su iya ɗaukar maraya ɗaya-ɗaya su tafi da shi. Ana roƙon jama'a don girman Allah a zo hannu sake. Wanda hannunsa ba zai iya ba, ya riƙo citta ko kokwamba ko ganyen ayoyo. Duk wanda zai karanta wa Mma Damata wannan takarda ya zaunar da ita tukun, ya karanta a hankali, kuma kada ya tsallake ko layi ɗaya. Ya gaya mata ɗanta ya san da ƙauna ta kawo, shi ne ya kasa faɗa mata a ido.

Ba za a yi wa mamacin salla ba, firji ne. Ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe 'yan kwandem, masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo da kura su ɗauke shi. Malam Mas'udu zai raka gawa a hankali har bakin titi, ko likita ya so ko bai so ba. A nan kura za ta yi hagu, shi kuma ya shiga tasi ya yi dama, don ƙarfe goma za a kwance bandeji. Mamacin ba ya bukatar addu'ar kowa, ya gama nasa. Maigidansa zai fita daga lungun nan da yatsun ƙafa goma. A roƙa masa Allah ya dawo da su goma.