Nomau da Sanyin Motar Yaya

A garinmu akwai wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidansu, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, da idona na gani. Magidanci ne, ga ƙarfi ga ladabi, har da matarsa Tabawa. Sai dai duk abin da ka ce masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari, ko sama da ƙasa za su haɗe. A gidan akwai yayansa Barmo, mai wata tsohuwar mota da yake ji da ita, sai mahaifiyarsu Inna Kuluwa, wadda ciwon zuciya ya kwantar.

Likitan birni ya ce lallai a kawo Inna ranar Laraba. Ga shi tsakiyar bazara, zafin da kaji ke yawo baki buɗe, ita kuwa da zafi ya yi yawa sai numfashinta ya fara sarƙewa. Tafiyar doguwa ce, esin motar kuma, wato na'urar sanyinta, ya daina hura komai sai iska mai ɗumi. Mai gyaran esi sai a birnin. Barmo ya ce gas ne kawai ya ƙare, shi zai zuba da kansa a gida, Nomau ya taya shi. Tun daga nan na san za a yi ta.

Wata rana aka kawo wa Barmo gwangwanin gas da ya yi saƙo. Ya miƙa wa Nomau ya ce, "Ajiye shi inda ya fi ko'ina sanyi a gidan nan. In rana ta buge shi fashewa zai yi." Nomau ya taɓa ƙarƙashin gado, ya taɓa gindin randa, ya girgiza kai. Da la'asar Barmo ya ce, "Ina gwangwanin?"

"Yana rijiya, Yaya."

"A cikin guga?"

"Ba ka ce guga ba."

Haka muka ɗaura wa Barmo igiya a ƙugu muka zura shi, yana lalube a cikin laka yana faɗar maganganun da ba zan maimaita ba. Inna daga ɗaki tana tambaya hayaniyar me ake yi, mu kuwa muna ta sakin igiya har ya lalubo gwangwanin.

Wata rana kuma, da hantsi, Barmo ya buɗe gaban mota zai haɗa tiyo. Ya ce, "Nomau, shiga ka ɗaga gilasai, ka sa hannu a bakin inda iska ke fitowa. Kada ka fito sai ka ji sanyi." Ashe tiyon bai dace da bakin bututun ba. Barmo ya kashe mota, ya haye babur ya tafi ƙauyen gaba aron wani, ya manta da mutum a ciki. Ina zaune sai na ji Tabawa na kwarma ihu ta kan katanga, "Jama'a ku zo, zai mutu!" Na fito ko takalmi babu. Ga Nomau a mota cikin rana, ya jiƙe sharkaf, idanu sun kaɗa jawur, hannu na nan inda aka ce.

Na ce, "Kai, fito don ubanka!"

Ya ce, "Ban ji ba tukuna."

Tabawa ba ta tsaya gardama ba. Ta finciko ƙofa, ta sheƙa masa bokitin ruwan randa tun daga ka. Ya ja numfashi ya ce, "To, yanzu na ji." Ya sako ƙafa ɗaya waje ya zube. Ranar na wanke Barmo tas, don wallahi raina ya ɓaci.

Gas dai ya shiga, motar ta yi sanyi da yamma, har aka yi hamdala. Washegari aka kunna, sai ɗumi. Akwai inda yake yoyo ke nan.

Wata rana, ana gobe tafiya, Barmo ya ce, "Kaɗa ruwan sabulu ka shafa wa bututan nan. Duk inda ka ga kumfa ka ɗaura tsumma, nan ne hujin." Nomau ya kaɗa sabulu har kumfa ta tumbatso daga kwano, ya lafta. To ina ne babu kumfa? Ya ɗaure bututu, ya ɗaure batir, ya ɗaure fanka. Tsumma ya ƙare, ya shiga ɗaki ya yayyaga tsofaffin zannuwan Tabawa. Da Barmo ya zo ya leƙa, zama ya yi a ƙasa ya dafe kai. Huji bai ganu ba, gwangwani kuma fanko.

A ranar ne Inna ta kira Barmo ta ce, "Ɗan nan, in abin bai yiwu ba ku bar ni a ɗakina. Ba na so in cika a kan hanya." Ya fito yana share ido da hannun riga. Tausayinsa ya kama ni, tsoro ma ya kama ni.

Sai ga Sallau mai faci, wanda babu abin da bai sani ba a duniyar nan. Ya ce, "Haba Barmo, gas ai gas ne. Ɗura mata na girki, ya fi ma sanyi." Na ce, "Na girki? A motar da ke yoyo?" Sallau ya ce ni da ko keke ban iya gyarawa ba in yi musu shiru. Barmo ba ya jin kowa a lokacin, Laraba kawai yake gani.

Ranar Laraba da safe ya jawo tukunyar gas, ya yi ƴan haɗe-haɗensa, ya ɗura. Kai! Sanyi kamar cikin firji. Yaran unguwa suka yo caa, wannan ya buɗe ƙofa ya leƙa, wancan ya cusa kai. Barmo ya kore su, ya rufe ƙofofi, ya bar injin a kunne. Ya ce, "Nomau, tsaya nan. Kada ka bar kowa ya shiga motar nan sai na dawo, sanyin zai gudu." Ya leƙa gida ya ce wa Tabawa ta fito da Inna ta zaunar da ita a baya ta fara shan sanyi, shi zai je ya sayo ƙanƙarar da za a riƙe a hanya.

Tabawa ta fito riƙe da Inna, taku ɗaya hutu ɗaya. Suna doso motar, Nomau ya sha gabansu ya ware hannuwa.

"Matsa mana, Malam."

"Yaya ya ce kowa."

"Yara yake nufi! Inna ce fa!"

"Bai ce ban da Inna ba."

Na roƙe shi, na zage shi, har na ture shi, ko gezau. Inna na haki, leɓɓanta sun bushe. Ta ce, "Nomau, ni ce fa na haife ka." Hawaye na zubo masa ya ce, "Na sani, Inna. Ki yi haƙuri ya dawo." Dole muka ja ta can gindin dalbejiya muka shimfiɗa mata tabarma, Tabawa na yi mata fifita tana kuka. A raina na ce, in tsohuwar nan ta cika a nan, ni da Nomau har abada.

Ban rufe tunanin ba sai muka ji ɗum! Gilasan motar suka tarwatse, wuta ta tashi daga ciki, kujerar baya ta ƙone ƙurmus. Ashe gas ɗin a cikin motar yake ta tsiyaya tun ɗazu, ƙofofi a rufe.

Barmo ya karyo kwana ya hango hayaƙi. Ya saki babur da ƙanƙarar a ƙasa, ya nufi wutar a guje yana ihu, "Inna! Inna!" Da ƙyar muka riƙe shi, mu uku. Sai muryar tsohuwar ta fito daga gindin bishiya, a hankali, "Ga ni nan, ɗan nan."

Ya juya, ya gan ta, ya durƙushe a wurin. Nomau ya matso, gira a babbake, gefen riga na hayaƙi, yana kare kai da hannu don yana zaton duka zai sha.

Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri da motar. Amma wallahi ba wanda ya shiga."