Wanda Ba Shi da Tebur Ba Shi da Suna

Ranar Talata ƙofa ta ƙi ni. Shekara goma sha tara ina kula da janareta a ma'aikatarmu, na manna katina, ta yi mini jan ido.

Ga yadda aka yi. An kawo wata babbar kwamfuta, saba suke ce mata, aka ware mata ɗaki da na'urar sanyi, gatan da ni ban taɓa samu ba. A cikinta sunan kowa yake: wa zai buɗe wace ƙofa, wa zai hau wace kwamfuta. In ba ta san ka ba, babu kai. Injiniyarmu, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta yi wata biyu tana jera mu.

Sai shugabanmu, Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, ya leƙa jerin, ya ga sunana a saman nasa, don ita kwamfuta ba ta san babba ba. Nan take ya ce a goge duk wanda ba shi da tebur. Irin wannan hikima, jama'a, sai an yi karatu mai zurfi.

Injiniya ta ce, "Ranka ya daɗe, Baban Janareta ne ke shiga ɗakin sabar ya juya wuta in an ɗauke."

"Ya ƙwanƙwasa mana."

"Ba kowa a ciki ai."

"Aiki za ki koya mini?"

Sau uku ta rubuta masa a takarda. Aka goge ni.

Talatar nan da azahar aka ɗauke wuta. Injiniya tana gidan Mai Girma, ya aike ta gyaran talabijin. Na tada janareta, na zo juya wuta, ƙofa ta ce ba ta san ni ba. Batirin da ke riƙe sabar ya yi kukansa ya gaji, saba ta mutu, ƙofofi suka ƙame. Mai Girma ya maƙale a ofis, gumi har kwala, yana leƙowa ta taga: "Kai! Ɓalle ƙofar nan!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da wa kake? Ni ai babu ni."

Na ɓalle dai, don ina da iyali.

Maƙwabcina mai walda ya ce, "Yaya, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Yanzu ya ji." Na ce masa manya ba sa ji, kwamiti suke kafawa.

Suka kafa kuwa. Ba a mugun sarki sai mugun bafade: kwamiti ya gano laifin Injiniya ne, don ba ta bakin aikinta lokacin da abin ya faru. Takardunta uku an neme su an rasa.

Ni an ba ni tebur mai ƙafa uku, na koma mutum. Ita an sallame ta. Da yake ba wanda ya iya, sai da suka roƙe ta ta zauna ta goge sunanta da hannunta kafin ta fita.