Damtse Ɗaya da Igiyar Janareta

Yau da safe na faɗi daɓas a barandarmu, igiyar janareta a hannuna, shi kuma injin yana can gefe ko a jikinsa. Kafin ku yi dariya, ku bari in faɗa muku yadda mai digiri kamata ta kai ga haka.

Sana'ata buga wa ɗalibai takardun kammala karatu a kwamfuta. Masu wuta kuwa, Allah ya ƙara musu hutu, sai sun yi ɓatan hanya suke leƙo unguwarmu. Duk ranar da suka ɗauke, sai na sauko daga bene na roƙi maƙwabcinmu Mai Walda ya ja mini igiya, domin hannuna ba ya iya tayar da injin. Yakan zo, amma tare da wa'azinsa.

"'Yar boko, duk karatun nan igiya ta gagare ki? Ki samo miji mai ƙarfi ki huta."

Ranar da ya maimaita haka a gaban wata ɗaliba, na rantse ba zan ƙara roƙonsa ya hau benen nan ba. Na samo tsarin ɗaga ƙarfe na ƙara girman damtse a waya, na nufi ɗakin motsa jiki na unguwa.

Kun san ɗakin. Shi ne wanda Mai Girma Sarkin Almakashi ya buɗe da jiniya da 'yan hoto, ya yanke ƙyalle, ya ce daga yau matasa za su murɗe. Washegari motar da ta kawo injinan ta dawo ta kwashe su, ashe haya aka yo. Abin da ya rage shi ne benci mai ƙafa uku, da ƙarfen hannu ƙwaya ɗaya da ya gangara ƙarƙashinsa, masu kwasa ba su gani ba.

Layi ake bi kamar a gidan mai. Koci na tsaye da usur, kafin ka gama da dama ka koma hagu ya busa.

"Koci, hagun fa?"

"Hagu sai kwamiti ya zauna, ƙanwata. Na gaba."

Tsarin ya ce a ci ƙwai da nama da madara, a yi barci isasshe. Na karanta wa Mama, ta ce, "Wannan ai abincin manya kike karanto mini. Ga wake can a tukunya."

Na jure. Da farko ko kaina na kasa tajewa, cokali ma sai da hannu biyu. Tafina ya yi kanta. Amma wata doka ta tsarin ta buɗe mini ido: kullum a ƙara nauyi, kada jiki ya saba. Nan na gane mun daɗe muna yi wa manyanmu mummunar fahimta. Kociyoyi ne. Yau mai, gobe haya, jibi magani, suna ƙara mana nauyi ba ranar hutu, duk don lafiyarmu. Mu ne ba mu da godiya.

Da na kai ɗinki, tela ta auna dama, ta auna hagu, ta sake aunawa.

"'Yar nan, rigar ta mutum ɗaya ce?"

To, yau aka ɗauke wuta, ga ɗaliba zaune tana jiran aikin da za ta miƙa kafin a tashi daga ofis. Na taka injin, na ja da duk damtsen da na tara. Ya yi tari sau ɗaya, igiyar ta tsinke ta biyo ni ƙasa.

Mai Walda ne kaɗai ke taɓa inji a layinmu. Na zauna shawara da girman kaina. Rantsuwata ita ce ba zan roƙe shi ya hau ba, ban ce ni ba zan sauka ba. Na sungumi janareton da hannun dama, na sauko a karkace, na dire shi a ƙofar shagonsa.

Ya ɗage tabaran walda, ya dubi injin, ya dubi hannuna.

"Ke kika sauko da shi?"

"A'a, mijin ne. A ɗaura igiya, Baba, sauri nake."

Ya ɗaura sabuwar igiya. Na ja a gabansa, da hankali wannan karon, injin ya tashi. Na mayar da shi bene, ɗaliba ta samu aikinta.

Don haka ina miƙa godiya ga Mai Girma, alkawarinsa ya cika rabi a jikina. In Allah ya sake kawo shi yankan ƙyalle, ina roƙon masu kwasa su ƙara mantawa da ƙarfe ɗaya a ƙarƙashin benci. Hagu na jira.