Ban-ruwan Gishirin Dakta

Wani ne, tsohon mai lambu, surukinsa ya samo masa aikin shara a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Shugabar wurin, Dakta, ta kai shi gaban wata kwalba mai ruwan gishiri. A ciki ga wani dunƙulen gishiri nan rataye da zare, garau kamar gilashi, kusurwoyinsa cas-cas.

Ta ce, "Baba, wata da watanni ina rainon wannan. Ruwan yana ƙafewa a hankali, shi kuma yana girma. Zan yi tafiya, ran da na dawo manyan baƙi za su zo ganinsa. Ko ƙura kada ta faɗa ciki."

Ya ce, "Girma yake yi? Ranki ya daɗe, ni fa na raini kabewar da sai da ƙarti huɗu suka ɗaga ta. Je ki abinki."

Tana fita ya leƙa, ya ga ruwa ya ja baya. Ya riƙe baki.

"Kai, 'yan boko ba tausayi! Abu yana girma a bar shi da ƙishi?"

Ya tari ruwan famfo ya cika kwalba taf. Washegari gishiri ya rame, kusurwoyi sun zagwanye. Hankalinsa ya tashi, ya kira matarsa a waya.

"Ke, abin Dakta fa ramewa yake."

"Ka ba shi ruwa?"

"Har ya ƙoshi."

"To yunwa ce. Ka taɓa ganin shukar da ta yi ƙiba ba taki?"

Gogan naka ya zo da kashin awaki a aljihu, ya marmasa a ciki, ya juya da biro. Ya kai kwalba bakin taga ta sha hantsi. Safe ban-ruwa, yamma ban-ruwa.

Ranar nan sai ga Dakta da baƙi, kowa da farar riga, ana gyara tabarau. Aka zagaye kwalba. Ruwa kamar na kwata, ba gishiri ba alamarsa, sai zaren da aka rataye shi da shi yana lilo.

Dakta ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Baba, ina gishirina?"

Mutumin ya zaro zaren, ya kankare shi da farce, ya shinshina, ya yi murmushi.

"Haba Dakta, daina kuka gaban baƙi. Ga saiwar nan da ranta. Bari damina ta faɗi, sai kin rasa inda za ki zuba gishiri."