Jan Birona da Mayen Turawa

Har gobe ba zan taɓa mantawa da littafin da na ƙwace a hannun Rabi ba. Lokacin ina sabon malamin Turanci a wata sakandaren 'yan mata a birnin Zariya, ga iyayi, ga tsare gida, ga jan biro a aljihu kullum. Na kama ta tana karatu a ƙarƙashin tebur, na fizge, na ce sai ubanta ya zo an kore ta na mako biyu.

Littafin soyayya ne na Turawa, wai wani maye mai shan jini ya kamu da son yarinya. Na buɗe shi a ofishin malamai don in samu hujja (haka dai na gaya wa kaina). To ni ina da wata cuta: duk abin da nake karantawa sai na gyara shi da jan biro, ko da jarida ce.

Shirme kam akwai shi. Gardi ɗan shekara ɗari uku, ba sana'a, ba dangi, sai tsayawa bakin taga yana huci. Ko sau ɗaya bai aika magabata ba. Wai tafarnuwa ke kashe shi, wanda da a unguwar Tukur-Tukur yake, yajin tsire kaɗai ya isa ya gama da shi. Ita kuwa yarinyar, shafi ɗari biyu tana kuka da suma. Amma marubuciyar muguwa ce, ta iya yanke babi daidai inda ranka zai tsaya. Ranar har abincin rana na manta.

Washegari uban ya zo, Malam Isiyaku na Ƙofar Kuyambana, dattijo mai karantar da manya a zaure. A gaban shugabar makaranta, Hajiya Mairo, na miƙe na zuba wa'azi a kan lalacewar tarbiyya. Na rufe da cewa ni ko shafi guda ban iya karantawa ba saboda ƙyama.

Malam ya juya littafin a hankali. "Hajiya, ni boko bai dame ni ba. Amma wannan jan rubutun na gefe, na Rabi ne? In nata ne, yau ta gama makaranta."

Hajiya ta gyara tabarau, ta fara karantawa da ƙarfi. "Shafi na tara: 'Shirme.' Na arba'in: 'Tsohon banza.' Na casa'in: 'Ke, kada ki buɗe masa tagar nan!'" Ta ɗago ta dube ni. Rubutuna ne take gani kowace safiya a rajista. "Na ɗari da sittin: 'Wallahi yana sonta.'"

Rabi ta sunkuyar da kai, ga shi kuma makomar karatunta tana hannuna.

"Allah gafarta malam," na ce da wata 'yar murya, "nawa ne."

Hajiya ba ta tausaya mini ba. Ta buɗe ƙarshen littafin, inda shafuka suka yage, ta karanta abin da na ja wa layi biyu: "'Ina sauran?'"

Malam ya daɗe yana shafa gemu. "To, malamin boko, ya aure ta ko bai aure ta ba?"

Rabi ce ta amsa, a ladabce. "Baba, ragowar na wurin ƙawata Binta. In malam yana so, gobe sai in kawo masa."

Ba a kori kowa ba. Ni dai har na bar makarantar, "Ina Sauran" 'yan mata ke kirana a bayan ido. Tun daga ranar, in zan raina abu, sai na fara ajiye biro. Ragowar kuwa na karɓa, kuma bai aure ta ba, ɗan banza.