Azumar Dakta Inzim

Duk ƙauyukan da ke tsakanin Suki da Sinja babu mai ilimin Dakta Sharfuddeen. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa zai ƙaryata mutumin da ya yi shekaru yana gadin kantin magani a Sinja? Da ya dawo gida ya sayi tabarau, ya ƙara wa rawaninsa tsawo, ya daina amsa sallamar da babu "Dakta" a cikinta.

Kalma ɗaya ya dawo da ita: inzim. Ciwon gwiwa, inzim. Haƙori, inzim. Har jakin liman da ya yi ɗingishi bai tsira ba. Shi ya sa muke kiransa Dakta Inzim, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Abin da yake nema shi ne shugabancin lajnar lafiya, kwamitin da zai kula da sabon ɗakin shan magani. Ana gobe zaɓe ya aiki Mati ladan, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya yi shela cewa bayan la'asar akwai bayanin inzim da kitse a ƙofar gidan Dakta. Mati bai taɓa jin inzim ba. Azuma ya sani, wato walima. Ita ya shelanta a lasifika, da kitsenta.

Gari ya ɗunguma zuwa can. Dakta ya ga taro, ya ji daɗi har ransa.

"Ya jama'a!" in ji shi. "Cikin jikin ɗan Adam akwai inzim. Shi ka kama wani irin kitse, shi gama shi da iskar da muka shaƙa, sai iltihab shi taso: kumburi, zafi, raɗaɗi. Asfirin ɗaure mishi hannu takai!"

Gaskiya ya faɗa, wallahi, na tausaya masa. Amma jama'a idonsu yana kan hayaƙin da bai tashi ba.

Tsohuwa Barakatu ta ɗaga kwanonta. "Dakta, mun ji. To ina kitsen da anka ce?"

Sai a lokacin ya lura da kwanukan. Ya dubi masu zaɓe, ya dubi ragonsa mai ƙatuwar jela da yake kiwo domin Layya. Gumi ya keto masa.

"Ilimi," ya ce, "yana son a gwada shi a aikace."

Bilyamin mahauci ya yanka ragon, ya gasa, ya bi kowa da tsoka da kitse har hannu, yana tambayar lafiyar iyali. Dakta ya ci gaba da bayanin inzim, bakunan jama'a kuwa suna ta aiki.

Washegari aka ɗaga hannu. Bilyamin ya ci zaɓe, domin kowa ya shaida mutum ne mai kula da jama'a.

Dakta ya koma gida ya kumbura kamar burodi. Barakatu ta aika masa da asfirin.