Farar Jif a Ƙofar Dakta Tanimu

Wani abokina da ke aiki a wata jami'a ya ba ni labarin nan, ya kuma rantse bai ƙara gishiri ba. A sashensu na nazarin halayyar ɗan Adam akwai wani malami, Dakta Tanimu, mai zaƙin baki in ya ga baƙi. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ta ɗora masa nauyin horar da irin ɗaliban da ba a saba gani a jami'a ba, ya koya musu yadda ake bincike. Aka ba shi Hajo, 'yar makiyaya, wadda ita ce ta fara taka jami'a a duk rugarsu, da Gambo, wanda a keken guragu yake zuwa aji. Dakta ya karɓe su hannu bibbiyu a gaban kyamara, ya ce daga yau 'ya'yansa ne.

To, uban nan ganinsa sai an shirya. In sun je ofis, sakatare ya ce yana taro. In sun kira waya, a kashe. In sun tare shi a hanya, ya ce su same shi gobe. Amma duk ranar da farar jif ɗin mutanen ƙungiya ta yi hon a ƙasan bene, sai ga Dakta ya gangaro da sassarfa yana gyara hula, yana cewa, "Ina 'ya'yana?" Ya dafa keken Gambo, ya ja Hajo gaba, har yana ce mata ta riƙa zuwa da kayan Fulani don hoto ya fi kyau. Jif na juya baya, ƙofa ta koma ta rufe.

Darasi ɗaya tak ya taɓa yi musu, shi ma don baƙin na zaune ne. Ya ba su labarin wani masani da ke kaɗa wa karensa ƙararrawa duk lokacin da zai ba shi abinci, aka yi ta yi har karen ya saba, da ya ji ƙararrawa yawu ya zubo, ko babu abinci. Hajo ta rubuta komai, ita ba ta wasa da karatu.

Shekara ta zo ƙarshe. Hajo ta gama bincikenta kan abin da ke sa yaran ruga gudun makaranta, saura Dakta ya duba ya sa hannu. In Juma'a ta wuce bai sa ba, sai ta maimaita shekara, ga shi tallafin karatunta bana yake ƙarewa. Ranar Alhamis da safe ta sake zuwa, sakatare ya ce ai Dakta ya yi tafiya. Ta sauko ta sami Gambo, idonta ya yi ja, don abin ya kai ta bango.

Gambo ya ce, "Share hawayenki. Kawuna farar jif yake tuƙawa, ta ɗaukar amare."

Kafin azahar an kwance wa jif balan-balan ɗin biki, an goge ta tas. Kawu ya shigo da ita a hankali, ya tsaya a ƙasan bene, ya danna hon. Wallahi mutumin da aka ce ya yi tafiya sai ga shi yana tsallake matakala, takalmi ɗaya bai gama shiga ƙafa ba, yana "Ina 'ya'yana?" Ya buɗe ƙofar baya da kansa, ya rusuna, ya fara maraba da Turanci. Yana ɗaga kai ya ga Hajo zaune, bincikenta a cinya, tana miƙo masa biro.

Dakta ya yi turus. Ya leƙa gaba, ya ga Gambo yana ɗaga masa hannu.

"Wane irin iskanci ne wannan? Ina baƙin?"

"Ranka ya daɗe, babu baƙi," in ji Hajo. "Darasin ƙararrawar nan da ka koya mana muka ce bari mu gwada, tunda kai ka ce ɗalibin kirki ba ya yarda da abu sai ya gwada."

Malamai da ɗalibai sun fara taruwa, ana ƙunshe dariya. Dakta ya fizgi biron ya sa hannu ko shafin farko bai buɗe ba, don dai a watse. Sai da ya miƙa mata takardar sannan maganar ta gama shigarsa. Ya zaro ido.

"Tsaya, ke Hajo! Wato ni ne karen?"

Hajo ta rungume takardunta, ta sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Haba Malam, Allah ya kiyaye. Shi ai sai ya jira a kawo masa har gabansa. Kai kuwa da ƙafarka ka sauko."